Yadda za ka gano hannun da ya yi tsohon zanen da ka saya a kasuwa

Duk mai yawo a Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis ya san wajen masu tsofaffin kaya, inda ake baje fitilar da ta mutu, da akwatin ƙarfe, da agogon bango, a kan buhu ɗaya. Wani lokaci a cikinsu sai ka hangi zane: mahaya a ƙofar fada, ko allon mai aski, ko hoton da aka yi a bayan gilashi, ko allon zayyana da ya sha hayaƙi. Ka tambayi mai kaya wa ya yi, ya ce Allah masani. Ni wannan amsar ba ta taɓa kwantar mini da rai ba. Mutum ne ya zauna ya haɗa launi, ya ɓata kwanaki, kuma yawanci ɗan garin nan ne ko na kusa. Sunansa bai yi nisa ba. Yana bayan allon, ko yana bakin wani tsoho a Zango ko Birni. Ga yadda nake bin sawunsa.

Tun kana gaban mai kaya

Binciken daga nan yake farawa, kafin kuɗi su bar hannunka. Ka fara gama ciniki, don in ka nuna zumuɗi tun farko, abin jaka biyu zai koma jaka goma. Bayan an ce Allah ya sa albarka, sai ka tsuguna ka yi hira. Kada ka tambaye shi sunan mai zane, ba zai sani ba. Tambaye shi inda kayan suka fito: daga wace unguwa, dillaliya ce ta kawo ko kayan gado ne aka raba, tare da me aka kawo shi, kuma sauran kayan suna ina. Wannan ta ƙarshe ita ta fi muhimmanci. Zane ba ya fita gida shi kaɗai. Yakan fito da akwatin takardu, da tsofaffin hotuna, da littattafan lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, kuma sau da yawa sunan gidan yana cikinsu. In akwai takardu a tulin, saye su ko da ba su da kyan gani.

Ka tambaya ko gidan Bature ne. Turawa da yawa sun zauna a Damagaram, tun zamanin da garin yake babban birnin mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926, har zuwa malaman lakwal da ma'aikatan ƙungiyoyi, da 'yan sa-kai na Amurka da suka yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011. In za su tafi sukan bar kaya wa kuku ko mai gadi. Zanen da ya fito ta wannan hanyar yana iya zama na Dakar ko Abijan ko ma Faransa, ka ga neman mai shi a unguwanninmu ɓata ƙafa ne.

Duk abin da ya faɗa maka, rubuta shi nan take, da ranar, da kuɗin da ka biya. Karɓi lambar salularsa.

Kada ka wanke, kada ka gyara

A nan na taɓa yin ɓarnar da har yau take cin raina. Na sayi wani zanen hawan salla a kan yadi, dawakai uku da 'yan lifidi, an kewaye shi da katako, an toshe bayansa da kwali da tsohuwar jarida. Ina isa gida na ɓamɓare kwalin na jefa a shara, na jiƙa tsumma na goge ƙurar da ke jikin katakon. Sai da na gama na lura akwai rubutun fensir a wajen, layi biyu, na shafe su, sai wutsiyar harafi ɗaya ta rage. Jaridar kuwa yara sun riga sun kai ta bola. Zanen yana nan rataye a ɗakina, ban san mai shi ba, kuma da hannuna na rufe ƙofar.

Don haka ruwa, sabulu, kananzir, man gyaɗa, duk ka nisanta su da shi. In ƙura ta yi yawa, sa buroshi mai laushi busasshe, a hankali, in kuma ka ga fenti yana ɓarewa ka tsaya. Kada ka cire ƙusa ko ɗaya. Ajiye shi nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ke tsatsafo da damina, kuma kada rana ta riƙa dukansa.

Sannan ka ɗauki hoto da salula: gaba, baya, gefe huɗu, kowace kusurwa daga kusa, da duk wani rubutu ko tambari. A inuwa ake ɗauka da safe, ba tare da walƙiyar waya ba. Auna tsawo da faɗi da santimita ka rubuta.

Hannu ne ko inji?

Kafin ka wahalar da kanka, tabbatar aikin hannu ne. Hotuna da yawa da ke cikin gilashi a gidajenmu shafin kalanda ne aka yanka. Sami madubin ƙara girma, ko ka ja kyamarar salula har ƙarshe, ka dubi wajen da launi yake da haske, kamar sama ko fuska. In ka ga ɗige-ɗige ƙanana a jere kamar idon rariya, shuɗi da ja da ɗorawa da baƙi, bugun inji ne. Aikin hannu ba ya da wannan jeren.

Da dare kashe wuta, ka kwantar da hasken tocila a gefen zanen, ya bi fuskarsa a kwance. Tudun fenti da sawun buroshi za su tashi. A irin wannan hasken ne kuma sa hannun da ya dushe yake bayyana, ko wanda aka karce da ƙusa a cikin ɗanyen fenti.

Akwai bugu na tsakiya da bai kamata ka raina ba. In ka ga an rubuta da fensir a ƙasan takarda wani abu kamar 12/50, da sa hannu a ɗaya gefen, kwafi hamsin aka buga da sanin mai zanen, naka shi ne na sha biyu. Haruffan E.A. a wannan wurin suna nufin kwafin gwajin da ya ajiye wa kansa.

Bayan zane ya fi gabansa magana

Juya shi, ka zauna da shi kamar mai karanta wasiƙa. Abin da kake nema iri biyu ne: abin da zai faɗa maka gari, da abin da zai faɗa maka zamani.

Lambar waya babbar shaida ce. Har zuwa 2006 lambobin Nijar guda shida ne, daga nan aka mayar da su takwas. Wayar gida ta Damagaram da 51 take farawa a tsohon tsari. Allon da ke ɗauke da lamba shida mai farawa da 51 a nan garin aka yi shi, kuma kafin wannan shekarar. Adireshi mai B.P. daga ƙasar da ake Faransanci ya fito, mai P.O. Box ko P.M.B. kuwa daga ƙasar da ake Turanci, kamar Najeriya. In an rubuta farashi da fam da sule, ya girmi naira, wadda ta fara aiki a 1973. Jaridar da aka toshe baya da ita tana da rana a kanta, in ranar ta yage sunan ma ya isa: Le Sahel a 1974 ta fara fita, ta gaji Le Temps du Niger. Sai dai ka kula, jarida tana faɗa maka lokacin da aka sa katakon ne, zanen yana iya girmarta. Rubutun bik, wato biro, ba zai girmi yaƙin duniya na biyu ba.

Dubi abin da aka yi zanen a kai. Masu zanenmu ba kullum suke samun yadin zane na kanti ba, sukan yi a kan buhun fulawa, ko falankin akwatin shayi, ko gwangwanin da aka buɗe aka daddale. Tambarin kamfanin da ke jikin buhun yana nan a baya, shi ma shaida ne. Dubi aikin kafinta kuma: yadda ya haɗa kusurwa, irin ƙusar, alamar fensir da ya yi. Kafintoci sun san hannun junansu, kuma mai zane yakan riƙe kafinta ɗaya shekara da shekaru.

Karatun sa hannu

In akwai sa hannu, yawanci yana ƙasa a dama ko hagu, wani lokaci katako ya rufe rabinsa. Kada ka yi saurin yanke abin da ya ce. Kwafe shi a takarda da hannunka sau uku, sannan ka nuna wa mutum biyu ba tare da ka faɗa masu abin da kai ka karanta ba.

Yadda aka rubuta sunan yana nuna inda mai shi ya yi karatu. Moussa, Issoufou, Mahamadou rubutun lakwal ne, Musa, Yusufu, Muhammadu rubutun bokon Najeriya ne. Masu rubutun shaguna da motoci sukan sa laƙabi, su bi shi da Décor ko Art. Lamba biyu kusa da suna, kamar 87, shekara ce. Wani sa hannun da ajami ne, wani da tifinag na Buzaye, wanda za ka gani kamar da'ira da ɗigo da gicciye. Irin wannan ka kai wa maƙeran azurfa, su ma sukan buga sunansu haka a bayan kayansu.

Zanen bayan gilashi yana da nasa hali. Ana yin sa ne a juye: layuka da sa hannu su ake fara yi, sannan a bi da launi a kansu. Saboda haka sa hannun yana ƙarƙashin fenti ne, manne da gilashin, ba a iya ƙara shi daga baya. In ka ga suna a saman gilashi ta waje, wani ne ya sa. Senegal ce gidan wannan sana'a a Afirka ta Yamma, kuma Gora Mbengue, wanda ya rasu a 1988, yana cikin manyanta. A Nijar Rissa Ixa ya yi suna da ita, da zanen rayuwar Buzaye. Ganin raƙumi da tanti a bayan gilashi bai isa ka ce nasa ne ba, masu kwaikwayo suna da yawa.

Zayyana da rubutun malamai

Wannan fannin ya fi kowanne zurfi a garinmu, kuma shi ne wanda mai aikin ya fi ɓoye kansa. Mai zayyanar allon sauka ba ya cika sa suna, don lada yake nema. Amma ga littafin hannu akwai sa rai. Buɗe warƙar ƙarshe, wajen da aka rubuta tammat, wato an gama. Nan marubuci yakan gode wa Allah, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da sunan wanda aka rubuta wa, da rana da wata. In an ba da shekarar hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa da ta miladiyya. Misali 1350 ta ba ka wajen 1931. Wasu da haruffa suke rubuta shekara. Nan sai ka nemi malamin da ya san hisabi, kuma ka tuna lissafin Larabawan Yamma, irin na Maroko, ake bi a ƙasashenmu, inda harafin shinun yake dubu. Wanda ya lissafa da tsarin Gabas zai ɓatar da kai.

Ɗaga warƙa ɗaya ka sa ta tsakaninka da rana. In ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, irin takardar nan ce ta Italiya da ayari ke kawowa ta Tarabulus da Agadas zuwa Damagaram da Kano, har farkon ƙarni na 20. Tana nuna tsufa, amma takarda takan yi shekaru a ajiye kafin a rubuta a kanta.

Kada ka sauya jerin warƙoƙi, domin ba a ɗinke suke ba. Kada ka raba su da tadarishi, wato bangon da ke rufe su, da gafaka. Gafakar ita kanta ka kai wa dukawa su gani, sukan gane jimar gari da ɗinkin gida. In kuwa Alkur'ani ne, ka taɓa shi da tsarki, ka kai wa alaramma. Mahaddata sun san hannun marubutan tsangayu, daga yadda ake zana alamar hizifi da sumuni da irin jan da ake wasali da shi.

Ɗauki ƙafa ka tafi wajen masu sana'a

Duk abin da na faɗa a baya shiri ne. Ainihin aikin shi ne wannan, kuma bari in ba ka labarin allon da ya koya mini.

Allon aski ne na falanki, kawuna shida a jere duk suna kallon dama, kowane da irin askinsa. Babu sa hannu. A baya akwai lamba shida da fensir mai farawa da 51. Na sa hotonsa a salula na nufi wani tsohon mai aski a Zango. Na gaishe shi, na zauna a benci har ya sallami mutum biyu, sannan na miƙa masa.

Na ce, "Baba, ko ka taɓa ganin irin wannan?"

Ya nisantar da wayar daga idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ɗana, wannan askin na uku mun daina yin sa tun kafin a haife ka. Allon ba nawa ba ne, amma wanda ya yi mini nawa shi ya yi wannan. Dubi kunnuwan. Shi kullum kunne kamar ƙosai yake yin sa."

Laƙabin mutumin kawai ya sani. Ya tura ni wajen masu rubutun manyan motoci kusa da tasha. Can na sami wani mai furfura yana zana ganye a ƙofar mota. Bai ko ajiye buroshi ba, ya leƙa ya ce hannun maigidansa ne, a wajensa ya koyi aiki. Na ce ta yaya ya gane. Ya sa yatsa mai fenti kusa da harafin R, ya ce maigida yakan ja ƙafar R ta wuce layi ta lanƙwasa, kuma yakan sa farin ɗigo biyu a ido, kowa ɗaya yake sawa. Na ƙara girman hoton. Ɗigo biyu ne a dukan idanun shida.

Abin da na koya ke nan: mai sana'a ba ya kallon abin da aka zana, yana kallon wuraren da hannu ke yi ba tare da tunani ba. Kunne, yatsu, kofaton doki, wutsiyar harafi. Kai ma ka koyi kallon nan. Kuma ka san wanda za ka kai wa: allon shago ga masu rubutun alluna da motoci, fata ga dukawa, azurfa ga maƙera, zanen da ya yi kama da adon bangon Birni ga tsofaffin magina, zanen yadi mai sa hannun boko ga tsofaffin malaman zane na lakwal. Tsohon hoto kuwa tambarin gidan hoton yana bayansa.

Akwai ladabin tafiyar. Hoto za ka kai, abin ya zauna a gida, sai an buƙata. Kada ka fara faɗin sunan da kake zato, domin dattijo zai iya ce maka haka ne don kada ya kunyata ka. Riƙe goro ko kuɗin shayi. Kuma ka sani wasu sun bar zanen mai rai saboda addini, ba sa son a tuna masu. In ka ga mutum yana kauce wa maganar, ka yi godiya ka tashi.

Intanet da ofisoshi

Salula tana da amfaninta, amma ƙarami ne a wannan aikin. Sa hoton a Google Lens: in kwafin sanannen zane ne zai nuna maka nan da nan, ka huta. Ga mai zanen unguwa kuwa ba abin da zai ba ka sai masu kama da shi. In kana da suna, neme shi da rubutun Faransanci da na Hausa duka, ka juya sunan da na uba gaba da baya. Rukunonin 'yan Damagaram a Facebook da WhatsApp sun fi injin nema amfani, don can ne wani zai ce wannan ai a shagon kawuna yake. Sa gaban zanen kawai, ka riƙe bayan. Wanda ya zo yana cewa nasu ne, tambaye shi me ke rubuce a baya.

In abin ya fi ƙarfin unguwa, akwai gidan tarihi na jiha a nan Damagaram, da malaman tarihi a Jami'ar André Salifou. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama, da sashen littattafan hannu na larabci da ajami a IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai. Abu ɗaya kuma: in abin da ka saya ya yi kama da wanda aka tono daga ƙasa, kamar gumakan yumɓu na Bura da ke yammacin Nijar, ko ka ji ƙishin-ƙishin daga fada ko masallaci ya fita ba da izini ba, ka daina neman mai saye ka nemi hukuma. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta shafe shi.

Rubuta abin da ka sani, daidai yadda ka san shi

Shaida ɗaya ba ta isa ba. Ni sai na sami biyu da ba su ji daga bakin juna ba, ko shaida ɗaya da wani aikin mai zanen da zan ajiye kusa da nawa in gwada. Daga nan sai in rubuta a kati da ɗaya daga kalmomi uku: "aikin wane ne" in na tabbata, "ana danganta shi ga wane" in baki ne kawai ya faɗa, "daga shagon wane" in ba a raba hannunsa da na yaransa ba. A ƙasa in sa wanda ya faɗa mini da ranar. Katin a cikin leda ake sa shi a ɗaure a baya da zare. Kada ka rubuta sunan a jikin zanen, ko da ka tabbata, domin na bayanka zai ɗauka sa hannu ne.

Kan allon askin, shaida ta biyu a Garin Malam na same ta. Almajirin nan ya kwatanta mini gidan maigidansa, wanda ya rasu da daɗewa. Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, matarsa ta fito. Na ce, "Inna, wani aiki na gani, aka ce na Malam ne." Ta karɓi wayar, ta yi shiru, sannan ta aiki jikanta cikin ɗaki. Ya fito da wani falanki da suke rufe bakin randa da shi. A ƙasansa akwai kai ɗaya da ba a gama ba, kunne kamar ƙosai, ɗigo biyu a ido. Ita ta faɗa mini cikakken sunansa da na mahaifinsa, na rubuta a gabanta, na karanta mata ta ce haka ne. Mako na gaba na wanke hoton allon babba na kai mata, jikan ya nemo ƙusa ya kafa shi a zauren.